Ranar da Na Wanke Jirgin Surukina

Shekarun baya ne, kada ku tambaye ni shekara nawa, don ni ba da kalanda nake lissafi ba. Abin da na riƙe shi ne bayan babbar dusar ƙanƙarar nan ce da ta danne rumfar motarmu ta karya ta, kuma tun kafin cutar da ta kulle mutane a gidajensu. Jikata ta ƙarshe, wadda yanzu sai na ɗaga kai nake ganin fuskarta, a lokacin tana goye a bayana. A kanta ma na zo ƙasar nan. Autata ce ta haihu, aka aiko mini da takardu na zo wankan jego, a kan zan yi wata uku in koma Zariya. Wata ukun ne har yau ba su cika ba.

Gidan nasu a garin Mitchellville yake, nan Amurka. Mijin autar tawa injiniya ne, mutumin Katsina, dogo, mai sanyin magana. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, kamar yadda aka san suruka da suruki. Da safe zai durƙusa daga bakin ƙofar falo ya ce, "Hajiya, kun tashi lafiya?" Ni kuma in amsa ina kallon bango. In ina da magana da shi, 'yata nake gaya wa. In yana da magana da ni, ita yake gaya wa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Haka na ga iyayena sun yi, kuma ban ga dalilin da hawa jirgin sama zai sa in canja ba.

To, bawan Allahn nan yana da wani abu guda da ya shige masa rai. A filin da ke can baya, inda mai hankali zai shuka kuɓewa da yakuwa, shi layin dogo ya shimfiɗa. Ƙaramin layi, faɗinsa bai fi yatsu uku ba, ya kewaye filin kaf, ya bi ta ƙarƙashin wasu gajerun itatuwa, ya hau gada a kan ɗan tafki, ya shige kogon dutse ya ɓullo ta ɗaya gefen. Har da tasha da 'yan mutane na roba suna jiran jirgi. Da na fara gani na ce wa 'yata, "Allah ya yi masa albarka, yana ji da yaransa." Ta yi dariya ta ce, "Inna, ai ko taɓawa ba sa yi sai yana wurin. Nasa ne." Ashe har ƙungiya gare su, manya-manyan mutane masu furfura, kowa da layin dogo a gidansa, suna zagayawa gida-gida suna kallon na juna.

Kawunan jirgi yana da su wajen biyar a gareji, kowanne da mazauninsa. Akwai ja, akwai mai ruwan ɗorawa, duk na lantarki, ka danna abu a hannu su tashi. Waɗannan ban taɓa kula su ba. Amma akwai guda ɗaya baƙi, tsawonsa kamar daga kafaɗata zuwa wuyan hannu, nauyinsa ya kusa na jaririyar da nake goyo. Shi ne ɗan gaban goshi. Shi wannan ruwa ake zuba masa na gaske, a kunna masa wuta ta gaske a ciki, a jira tukunyarsa ta tafasa. Ranar da na fara jin ya busa usur, iska ta kawo mini warin tururi da mai mai zafi ta tagar kicin, sai da na ajiye ludayi na dafa bango.

Abin da surukina bai sani ba ke nan. Marigayi maigidana a cikin irin wannan jirgin ya yi ƙuruciyarsa. Shi ne mai zuba kwal, fayaman ake ce musu, a layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau har Ƙaura. A kwatas ɗin reluwe muka zauna, bayan loko, wato rumfar da jirage ke kwana a gyara su. Shekara goma sha ina kai masa abinci a langa, ɗaure da ɗankwali, in miƙa masa yana tsaye a saman jirgi. Ni ce mai wankin kayansa. Ita auta ba ta tarar da wannan ba, an haife ta bayan jiragen kwal sun mutu, ubanta ya koma sayar da hatsi. Abin da ta gaya wa mijinta shi ne babanta ya yi aikin reluwe, shi kuma ya ɗauka akawu ne. Ni ko ina zan zauna in ba suruki labarin mijina? Sai dai duk ranar da ya kunna baƙin nan sai in sami abin yankawa a kusa da taga.

Da sanyi ya shigo aka kwashe jirage aka shigar gareji. Duk Asabar sai wani tsohon Bature ya zo, abokinsa na ƙungiya, mai jan hanci da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Su shige gareji su rufe, ba a jin ko tarinsu. Haka har ganye ya fara fitowa. Ran nan na shiga gareji ɗaukar albasa, na ga baƙin jirgin a kan tebur, raina ya ɓaci. Abin da na sani yana ƙyalli ya koma kamar an tsinto shi a juji. Tsatsa ta ci ƙafafunsa, ta ci sandunan da ke juya su, baƙin hayaƙi ya rufe tagullar da ke kansa, ga wani datti ya zubo ta gefe.

Na tare 'yata tana ɗaure takalmi za ta tafi asibitin da take aiki. Na ce, "Ke, kayan maigidanki na tsatsa kina kallo? Haka na koya miki?"

Ta ce, "Inna, don Allah ki bar shi, haka yake son abinsa. Asabar ta sama mutanen ƙungiyarsu za su zo nan, karo na farko ke nan da layi ya zo kansa. Na makara." Ta fice.

Haka yake son abinsa. Na ce a raina wannan maganar ragwaye ce, wa ke son datti? Kuma wai baƙi za su zo, Turawa, su tarar da wannan ƙazanta a gidan da nake ciki da raina da lafiyata. Mu a wurinmu in za a yi baƙi, tun ana saura kwanaki ake sauke jeren kwanuka a dirje su, ko tasar da ba za a ci abinci a ciki ba sai ta ga toka. Ba a tambayar maigida izinin wannan, aikin manyan mata ne, a yi shi shiru ya dawo ya gani.

Washegari Alhamis, kowa ya watse, na gyara goyona. Na ɗebo toka a murhun da suke gasa nama, na tankaɗe ta sau biyu don kada ta yi ƙarce. Na matse lemun tsami shida. Na samo tsumma mai laushi da tsohon buroshin haƙori. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gareji na ɗora jirgi a cinya. Tun hantsi nake abu ɗaya har aka yi azahar. Ina aikin ina mamakin yadda tsatsar Amurka ba ta da taurin kai, kana gogawa tana fita. Lungun da buroshi bai shiga ba na naɗa tsumma a tsinken sakace na bi shi. Da na gama, wallahi kana iya duba fuskarka a jikin tukunyar. Na mayar da shi kan tebur, na shimfiɗa masa farin ƙyalle, na yi salla ina jin daɗin kaina.

Da la'asar na ji motarsa. Na laɓe a tagar kicin, daga nan ana hango cikin gareji. Ya shiga ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, jakarsa ma bai ajiye ba. Sai ya jawo bokiti ya kife ya zauna a kai, ya cire hula ya riƙe. Na ce Allah sarki, daɗi ya hana shi motsi. Can ya taso ya zo bakin ƙofar falo ya durƙusa.

"Hajiya, sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri."

Na ce wa bango, "Ba komai, ai yi wa kai ne."

Tuwon da na tuƙa ranar, loma biyu ya yi ya rufe.

Sai da 'yata ta dawo ta leƙa gareji, ta shigo ɗakina ta mayar da ƙofa. Ta zauna a bakin gado tana rufe baki da hannu, ban gane kuka za ta yi ko dariya ba.

"Inna, me kika yi?"

"Abin da kika kasa."

"Inna, dattin nan fenti ne. Da gangan aka yi shi. Tun farkon sanyi shi da tsohon nan suke zana shi da ɗan buroshi kamar gashin ido, tsatsar da hayaƙin duka, don jirgin ya yi kama da wanda ya daɗe yana aiki. Shi za a zo gani ran Asabar ta sama."

Na ce, "Tsaya. Namiji da iliminsa da gemunsa ya zauna wata huɗu yana zana datti?"

Ta ce, "Ke kuma kin wanke shi a yini ɗaya."

Ban san sanda na zame daga kujera na zauna a ƙasa ba. Ni da ake kawo wa ƙarar matan unguwa a Zariya in raba musu gardama, yau ni ce na shiga gidan suruki na yi masa ɓarna, har ya durƙusa ya yi mini godiya a kai. Godiyar nan ta fi komai ci mini rai. Na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado na ce ta nemo mini tikiti, jego dai ai an gama shi tuntuni. Ta ce, "Inna, a kan jirgin wasa?" Na ce ba a kan jirgi ba ne, a kan idon da zan ɗaga in amsa gaisuwarsa ne gobe da safe.

Juma'a yini guda 'yata ta zama ɗan aike tsakanin bene da ƙasa. Na ce ta ba shi haƙuri. Ya ce ta ce mini wallahi ba komai, shi ne da laifi da bai rufe abinsa ba. Na ce ta tambaye shi ko zai gyaru kafin ranar. Ya ce kwana takwas ba za su isa ba, zai ɓoye baƙin jirgin ya kunna wa baƙi na lantarki kawai. Wannan amsar ta sa na ƙara zannuwa biyu a akwati.

Ran Asabar tsohon Bature ya zo kamar kullum. Ina ɗaki na ji wata irin dariya daga gareji, har da tari. 'Yata ta hau ta ce tsohon ya rantse sai ya ga matar da ta yi wannan aiki, wai shekararsa arba'in yana harkar nan bai taɓa ganin jirgi ya fita tas haka ba. Na ce ba inda za ni. Ta ce baƙo ne, kuma ya girme ni. Na ja mayafi na sauko, na tsaya a bakin gareji na ba surukina gefe.

Tsohon ya dafa ƙirji ya sunkuya, ya yi ta zuba Turanci. Sai ya ciro waya yana nuna mini hotunan jirgin kafin in taɓa shi, yana buɗa su da yatsa don in ga irin aikin da suka sha. Ranar da na wanke shi haushi bai bar ni na duba da kyau ba. Yanzu da na ƙura ido, sai bakina ya riga ni.

Na ce, "Wannan ai ba jirgi mai aiki ba ne. Mataccen jirgi ne."

'Yata ta zaro ido. Tsohon ya tambaye ta me na ce. Na mintsine ta, amma ta fassara. Ya sauko da tabaran goshi ya ɗora a kan na ido, ya ce in yi bayani.

Tunda magana ta fita, ai sai a ƙarasa ta. Na ce wa 'yata, "Gaya wa maigidanki, sandunan nan da ke juya ƙafa ba sa tsatsa in jirgi na tafiya. Kowace tasha sai an bi su da butar mai, baƙi suke yi suna naso. Gaya masa ƙarfen da ake kamawa a hau, hannu ya cinye shi, sulɓi yake yi kamar muciya. Hayaƙi kuma ba ya zuba ta ko'ina kamar an watsa miya, baya yake kwantawa daga bututu, ya bi gadon bayan jirgi. Ina farin da ruwan zartsi ke bari in ya zubo daga wurin usur? Ina jar ƙasar hanya a ƙafafu? Kuma gaya masa, duk fayaman da ya bar tagullar jirginsa ta dushe haka, direba ba zai ci abinci da shi ba."

Surukin nawa yana tsaye bai fi taku biyu da ni ba, Hausa kuma ta uwarsa ce, amma ya jira har 'yata ta maimaita masa kalma-kalma, sannan ta juya wa tsohon da Turanci. Tsohon ya bugi cinya. Ya ce gaskiya ne, hoton da suka kwaikwaya na wani jirgi ne da aka ajiye a fili shekara da shekaru ruwa na dukansa. Surukina ya ce wa matarsa a hankali, "Tambayi Hajiya a ina suka san wannan."

Na ce, "Gaya masa shekara goma sha ina wanke wannan dattin a rigar ubanki. In ban san inda yake zama ba, wa zai sani?"

Ranar ce na ba da labarin loko da langa da ɗankwali, ina kallon tayar mota, su uku suna saurare.

Tsohon ya ce da hotuna ne abin ke cin wata huɗu, ana yi ana gogewa ana gardama. In akwai mai cewa sa nan, bar can, kwana bakwai sun isa. Ya ce amma sai in Mama za ta zauna da su. 'Yata ta ce, "Mama tana haɗa akwati." Na ce ta rufe mini baki.

Haka muka yi satin nan. Kullum in surukina ya dawo daga aiki da la'asar, a sa mini kujera a ƙofar gareji, goyo a baya, tsinken tsintsiya a hannu ina nuni. Fentinsu na tsatsa na sa aka mayar da shi kwali. Na ɗora tsohuwar tukunya a kan gawayi na kankaro musu baƙin gindinta. Na sa aka haƙo jar ƙasa a gindin katanga, na shanya ta na daka na tankaɗe, kusan irin ta hanyar Gusau ce. Farin zartsi kuwa duk fentin da suka gwada bai yi mini ba, sai na jiƙa kanwa na ɗiga da tsinke, ta bushe ta bar sawu sak. Tsohon ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ce a sam masa ya kai gida. Shi ke fesa wani ruwa a kai don kada abin ya goge. In surukina ya zarce da buroshi sai in ce, "Gaya masa ya isa," ko da 'yata tana can kicin ba ta ji. Shi kuma ya ce, "A ce wa Hajiya an bari." Tagulla dai na ce kada wanda ya taɓa mini ita, yadda na dirje ta haka za ta fita.

Ranar taro motoci suka cika layinmu. Tsofaffi maza da mata, wasu da hular ma'aikatan jirgi, har da ƙawata 'yar Damagaram da ke garin Greenbelt, wadda na kira don ta zo ta ga abin da manya ke yi da hankalinsu a ƙasar nan. Na soya ƙosai na yi zoɓo, na koma tagar kicin wurina. Aka kunna na lantarki suka yi ta zagayensu, ana hira ba a ma kallo sosai. Sai aka ɗauko baƙin. Aka zuba ruwa, aka kunna wuta, ya yi ta huci. Da ya busa usur ya taso, sai na ga furfura ta yi layi a bakin dogo, tsofaffi suna durƙusawa da ƙyar suna kwantar da kai don su gan shi daga ƙasa. Tsohon Bature yana ta nuna taga da hannu.

'Yata ta zo ta ja ni har bakin gada. Jirgin ya fito daga kogo ya rage gudu ya tsaya daidai ƙafata. Sai na ga abin da ba a yi da ni ba. A ɗakin direba an tsayar da ɗan mutum na roba baƙi, da 'yar hularsa, da shebur a hannu. A gefensa an rataye wata 'yar langa da aka yi da murfin man goge baki, an ɗaure ta da ƙyallen atamfa bai fi farce ba. Na gane atamfar, gefen tsohon ɗankwalina ne da nake goge tebur da shi.

Surukina yana tsugune a ɗaya gefen layi, kansa a ƙasa. Ya ce wa matarsa, yadda zan ji, "Gaya wa Hajiya abincin Baba ya iso."

Na ja mayafi na rufe fuska, na ce hayaƙin nan yana shiga ido. Ƙawata ta ce, "Tururi ne, Hajiya, ba ya yaji." Na taka mata ƙafa.

Da baƙi suka watse 'yata ta ce, "Inna, maganar tikiti fa?" Na ce, "In na tafi wa zai duba musu jirgi? So kike su sake kashe shi?"

Har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Na yarda na yi wauta, kuma tun daga ranar ko cokali na gani da baƙi a gidan nan sai na tambaya ko zane ne. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne, shekara da shekaru ina ɗauke da mutumin nan a ƙirjina ban sami wanda zan sauke wa labarinsa ba, ashe mai son ji yana durƙusa mini kullum da safe. Kunya ba ta tafi ba, kada ku ɗauka. Har gobe ba na cin abinci a gabansa. Sai dai yanzu in zai kunna baƙin, da kansa yake ɗauko kujerata ya ajiye a bakin gada.

Mutanen wannan rana sun ragu. Tsohon Bature ya rasu lokacin cutar nan, ya bar wasiyya a ba surukina kawunan jirginsa biyu, ni kuma aka kawo mini kwalbar kanwar da na ba shi, saura rabi. Ƙawata 'yar Damagaram ta koma gida, tana nan da ranta, sai dai ta waya, kuma kunne ya yi nauyi. 'Yata tana nan, ta fara furfura tana ɓoyewa. Surukina yana nan, gwiwa ta fara ba shi wahala amma bai fasa durƙuso ba. Sai ni. Sai kuma ɗan fayaman, yana nan tsaye da sheburinsa, langarsa a gefe, tagullar jirginsa kuwa duk Alhamis ni ke goge ta.